Darasi na Tara: Ɗaukar Ma'aikata da Awon Ƙwarewa a Manyan Kamfanonin Fasaha

Gabatarwa

Wannan darasi ya duba yadda manyan kamfanonin fasaha na ƙasar Amurka, irin su Microsoft da Google da Meta, suke tantance injiniyoyin manhaja, wato masu rubuta umarnin da kwamfuta ke bi wajen aiki. Ana so ɗalibi ya lura da tambayar da ke ƙarƙashin batun, domin ita ce za ta riƙa tare shi a aji: shin jarrabawa tana auna abin da aka shirya ta domin ta auna?

Takardar shaida da iya aiki

A shekarar 2007 wani masanin manhaja mai suna Imran Ghory ya bayyana wata gajeriyar jarrabawa da yake yi wa masu neman aiki, wadda aka sani da FizzBuzz. Asalinta wasan yara ne da ake koyar da rabawa da shi a darasin lissafi. Ana umartar mai neman aiki ya sa kwamfuta ta jero lambobi daga 1 zuwa 100. Duk lambar da 3 ke rabawa ta rubuta "Fizz" a madadinta, wadda 5 ke rabawa ta rubuta "Buzz", wadda duka biyun ke rabawa kuwa ta haɗa kalmomin. Aikin 'yan mintoci ne ga wanda ya iya. Amma Ghory ya yi iƙirarin cewa mafi yawan masu digiri a kimiyyar kwamfuta da ya gwada sun kāsa.

Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin hukunci a kan dukkan injiniyoyi ba. Joel Spolsky, wani mai kamfanin manhaja, ya riga ya nuna dalili: ƙwararre ba ya daɗewa yana neman aiki, shi kuwa maras ƙwarewa kullum yana yawo da takardunsa daga wannan kamfani zuwa wancan. Wato ke nan tarin takardun da ke gaban mai ɗaukar aiki yana nuna raunanan fiye da yawansu na haƙiƙa.

Daga wasa ƙwaƙwalwa zuwa allo

Tun cikin shekarun 1990 Microsoft ya shahara da tambayoyi masu kama da kacici-kacici, alal misali dalilin da ya sa murfin ramin magudanar ruwa na kan titi yake da'ira. Google ma ya bi sahu. Sai dai a shekarar 2013 Laszlo Bock, shugaban sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya shaida wa jaridar New York Times cewa irin waɗannan tambayoyi ɓata lokaci ne kawai, ba abin da suke yi sai sa mai tambaya ya ji shi gwani ne. Ya ce kamfanin ya bi diddigin dubban ganawa, bai sami wata dangantaka ba tsakanin makin da mai tambaya ya bayar da ƙwazon mutum bayan ya kama aiki. Sakamakon jami'a ma, in ji shi, ba ya nuna kome sai ɗan kaɗan ga sabon kammalawa.

Hanyar da ta fi kafuwa daga baya ita ce a tsayar da mutum gaban allo, a ba shi matsalar lissafin kwamfuta ya warware cikin ƙasa da awa ɗaya, mai tambaya na kallonsa. Nan da nan sana'ar shirya mutane ta kunno kai. Dandalin LeetCode ya tara dubban irin waɗannan tambayoyi, masu neman aiki suka shiga kwashe watanni suna bitarsu, kamar yadda ɗalibi ke haddace tambayoyin shekarun baya kafin jarrabawar fita sakandare. A nan ne gizo ke saƙa. Aikin injiniya na yau da kullum shi ne karanta manhajar da wasu suka rubuta shekaru da suka wuce, da gano inda ta lalace, da gyara ta ba tare da ɓata wani sashe ba, da fahimtar juna da abokan aiki. Ba ɗaya daga cikin waɗannan da allo ke aunawa sosai. Saboda haka ƙofa ɗaya tana iya shigar da mai hadda maras hannu, ta kuma rufe wa gwani. A 2015 Max Howell, wanda ya ƙirƙiro manhajar Homebrew da ɗimbin injiniyoyi ke amfani da ita, ya bayyana cewa Google bai ɗauke shi ba bayan ya kāsa wata tambayar allo.

A 2020 masu bincike daga Jami'ar Jihar Karolina ta Arewa da kamfanin Microsoft suka raba ɗalibai gida biyu da tambaya iri ɗaya: wasu suka amsa su kaɗai a ɗaki, wasu ana kallonsu. Ƙoƙarin waɗanda ake kallo ya ragu da fiye da rabi. Ashe wani ɓangare na makin, awon fargaba ne.

Gaggawar ɗauka

Lokacin annobar korona harkokin intanet suka bunƙasa, kamfanoni suka yi ta ɗibar ma'aikata. Meta ya tashi daga ma'aikata kimanin 45,000 a ƙarshen 2019 zuwa kimanin 87,000 a watan Satumba na 2022. A tsakiyar 2022 shugabansa Mark Zuckerberg ya faɗa wa ma'aikata cewa mai yiwuwa akwai waɗanda bai kamata a ce suna kamfanin ba. A Nuwamba aka sallami 11,000. A Janairun 2023 Google ya sanar da sallamar 12,000, Microsoft kuma 10,000. Kuskure ne a ce rashin ƙwarewa ya jawo sallamar, domin Zuckerberg da kansa ya danganta ta da kuskuren hasashen kasuwa.

Abin da ya fi nuna ƙwazo

A 1998 Frank Schmidt da John Hunter suka tattara sakamakon bincike na shekara 85 a kan hanyoyin zaɓen ma'aikata. Gwajin ainihin aiki da ganawa mai tsari, inda ake yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a kuma ba da maki bisa ma'auni rubutacce, suna cikin na gaba. Yawan shekarun karatu kuwa can baya yake. Wannan ita ce hikimar koyarwar gwaji a kwalejin ilimi: mai duba ɗalibi yana ganinsa ne a gaban yara da alli a hannu, abin da takardar jarrabawa ba za ta nuna masa ba.

Tambayoyi

1. Me ya sa yawan masu faɗuwa jarrabawar FizzBuzz bai isa hujja a kan dukkan injiniyoyi ba?
2. Bayyana abin da binciken shekarar 2020 ya gano, tare da danganta shi da jarrabawar baka a aji.
3. Tsara tambayoyi uku da ma'aunin ba da maki domin tantance malamin Hausa na aji huɗu na firamare.