Darasi: Majiyyaci da Masu Zuwa Dubiya

A watan Agusta 1995, a birnin Washington na Amurka, hatsarin mota ya rutsa da Tyra Hunter, mai shekara 24. An haife ta namiji, amma tana rayuwa a matsayin mace. Ma'aikacin agajin gaggawa ya yanke wandonta don duba rauni. Da ya gane, sai ya janye hannu yana ba'a, jini kuwa yana zuba. Ta rasu a asibiti a ranar. A 1998 kotu ta ce a biya mahaifiyarta diyyar kusan dala miliyan 3.

'Yan'uwa, ba sai ka yarda da rayuwar mutum ba kafin ka tsayar masa da jini.

Masu zuwa dubiya ma akan tare su a ƙofa, wai su ba dangi ba ne. A 2010 Shugaba Obama ya umarci asibitocin da ke karɓar kuɗin gwamnati su bar majiyyaci ya zaɓi masu duba shi, kada a kori kowa saboda addini, launin fata ko sauya jinsi.

Ku tattauna: in aka kwantar da wanda gari ke ƙyama, wa zai kai masa kunu?