Aikin Gida da Aikin Albashi: Darasi Kan Auna Lokaci

Malamar makaranta a Roni aiki biyu ke gabanta kullum: na aji, wanda ake biyan ta albashi, da na gida, wato girki da wanki da tanadin ruwa da renon yara, wanda ba a biya. Masana kan auna wannan nauyi ta hanyar rubuta duk abin da mutum ya yi cikin awa 24.

Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya nuna cewa, a matsakaicin lissafi, mace kan yi awa 4 da minti 25 kullum tana hidimar gida, namiji kuwa awa 1 da minti 23. A Indiya, ƙididdigar 2019 ta sami minti 299 ga mata, 97 ga maza. Tun da yini ba ya ƙaruwa, daga barci da shirin darasi ake cike giɓin. Hannu da yawa kuwa maganin ƙazamar miya.

Aikin aji: kowane ɗalibi ya auna lokacin da mutanen gidansu suka ba hidimar gida tsawon mako guda. A kan wa nauyin ya fi faɗawa? Wane ɓangare ne maigida da samari za su iya ɗauka?