Ƙaura Zuwa Linux: Darasi Ga Ɗalibin Hausa Mai Tsohuwar Kwamfuta

Gabatarwa

Dalilin wannan rubutu shi ne wani abu da ya same ni a zangon karatun da ya wuce. Na buga aikin jinga mai shafi 12 a kan kwamfutata, na kai shi wani shagon buga takardu a bakin makaranta, da aka fito da shi sai ga duk inda ƙ, ɗ da ɓ suke sun rikiɗe sun koma wasu alamomi na daban. Mai shagon ba Bahaushe ba ne, shi a ganinsa aiki ya yi kyau. Ni kuwa na san abin da zai biyo baya idan malam ya kasa bambance "baki" da "baƙi", ko "kafa" da "ƙafa". Neman maganin wannan matsala ne ya kai ni ga babbar manhajar da ake kira Linux, wadda zan yi ƙoƙarin bayyana yadda ake komawa kanta da kuma amfaninta ga mai nazarin harshe.

Mece ce Linux?

Babbar manhaja ita ce uwar manhajoji, wato wadda ke tayar da kwamfuta, sauran manhajoji su zauna a kanta. Wadda akasarinmu muka taso muka tarar ita ce Windows. Ita kuwa Linux, Linus Torvalds ne ya fara rubuta ƙashin bayanta a shekarar 1991, lokacin yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki ta ƙasar Finland. An haɗa aikinsa da manhajojin shirin GNU wanda Richard Stallman ya sanar a Amurka a 1983. Daga nan jama'a suka riƙa harhaɗa nau'o'i iri-iri, kamar Ubuntu da ta fito a 2004, wadda sunanta kalma ce ta harsunan Zulu da Xhosa mai nufin mutuntaka, da Linux Mint da ta biyo baya a 2006. Wayar Android da ke aljihunka ma a kan wannan ƙashin baya aka gina ta.

A nan akwai ɗan darasin fassara. Kalmar Ingilishi da ake siffanta irin waɗannan manhajoji da ita tana ɗauke da ma'ana biyu, kyauta da kuma 'yanci, har masu shirin sukan sha wahalar bayyana wadda suke nufi. Hausa ta huta da wannan ruɗani domin ta raba su. Abin da suke nufi shi ne 'yanci: kana da damar amfani da manhajar, ka duba yadda aka rubuta ta, ka gyara, ka kwafa wa wani. Saboda haka a ganina "manhaja mai 'yanci" ta fi "manhajar kyauta" dacewa, ko da yake mu ɗalibai kyautar ce ta fara jawo hankalinmu.

Yadda na yi ƙaura

Kwamfutata ta gwanjo ce, ram ɗinta gigabait 4. Kamfanin Microsoft ya kawo ƙarshen tallafin da ya saba bai wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, ita kuma Windows 11 tana buƙatar kayan ciki da tsofaffin kwamfutoci da yawa ba su da su. Na zaɓi Linux Mint, nau'in Xfce, domin ba shi da nauyi kuma fuskarsa ba ta yi nisa da abin da na saba ba.

Kafin komai, ka kwashe duk fayilolinka zuwa wani wuri. Kada ka yi wasa da wannan, domin a yayin girkawa akwai zaɓin da ke share rumbun ajiya gaba ɗaya, kuma abin da ya tafi ya tafi. Sannan ka sauke fayil ɗin manhajar, wanda ya kusa gigabait 3, ko ka karɓa wajen wanda ya riga ya sauke, tunda kwafa halal ce. Sai ka ɗora shi kan filashi ta hanyar manhaja irin Rufus, ka tayar da kwamfuta daga filashin. Linux za ta buɗe ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba. Ni kwana uku na yi ina gwaji a haka, na duba sauti da intanet da na'urar buga takarda. Idan kana ɗar-ɗar, kana iya girka ta kusa da Windows, ka riƙa zaɓa duk lokacin da ka kunna.

Haruffa masu ƙugiya

Sai da na zo nan na gane ainihin abin da ya ɓata mini jinga. Ina amfani ne da wani tsohon samfurin haruffa da aka zana ƙ da ɗ da ɓ a gurbin wasu alamomi. A idona ƙ ce, amma a lissafin kwamfuta wata alama ce daban, don haka da aka buɗe fayil ɗin inda babu wannan samfuri sai asiri ya tonu. Maganin shi ne tsarin Unicode, wanda ya bai wa kowane harafi lambarsa: ɓ ita ce 0253, ɗ 0257, ƙ 0199, manyansu kuma 0181, 018A da 0198. Harafin ƴ da ake rubutawa a Nijar a madadin 'y namu shi ne 01B4. Windows ma ta san Unicode, kada in yi mata ƙazafi. Abin da na samu a Linux shi ne sauƙi. A cikin jerin tsare-tsaren kibod akwai Hausa ta Nijeriya da Hausa ta Gana, zaɓa kawai za ka yi. A LibreOffice Writer kuma, wadda ke zuwa tare da Mint, idan ka rubuta U+0199 ka danna Alt da X, nan take zai koma ƙ.

Masu sha'awar tsarin sauti su nemi samfuran Charis SIL da Doulos SIL, domin suna ɗora alamar karin sauti da ta tsawon wasali a kan harafi ba tare da sun karkace ba. Praat da Audacity, na nazarin murya da gyaran sautin da aka ɗauka, duk suna aiki a Linux.

Inda na sha wahala

Microsoft Word ba ta aiki kai tsaye a Linux. Writer tana buɗe fayilolinta tana kuma adanawa a tsarinta, amma wani lokaci jadawali ko lambar shafi kan goce. Don haka idan malami ya nemi fayil ɗin Word, nakan duba shi a kwamfutar abokina kafin in miƙa. Idan kuwa bugawa za a yi, PDF nake kaiwa shago, saboda yana tafiya da samfurin haruffansa a ciki. Tsofaffin rubuce-rubucena kuma ba su gyaru da kansu ba. Sai da na bi su ɗaya bayan ɗaya da umarnin nema da musanya, harafi shida a kowane fayil, ƙanana uku da manya uku. Har yanzu akwai babi guda na bayanan darasin ginin jimla da ban kai kansa ba.