KARATU A LOKACIN DOGON HUTU
Jagora ga Iyaye da Malaman Aji Huɗu zuwa Aji Shida

Kowace shekara, wajen ƙarshen watan Yuli, makarantun firamare na ƙasar nan sukan rufe don dogon hutu, ba a komawa sai cikin watan Satumba. Hutun yakan kai mako shida, wani wuri ma har bakwai, gwargwadon yadda Ma'aikatar Ilmi ta kowace Jiha ta tsara. Yara suna murna da shi, kuma sun cancanci hutawa bayan zango uku na karatu. Amma akwai wata hasara da takan biyo bayansa, wadda iyaye da yawa ba su lura da ita ba. Yaron da ya ajiye littafi ranar da aka rufe makaranta, bai sake buɗe shi ba sai ranar komawa, yakan koma aji ya tarar wani sashe na abin da ya koya ya zube. An shirya wannan ɗan littafi don a bayyana wa jama'a yadda abin yake faruwa, da kuma hanyoyi masu sauƙi da za a bi a magance shi.

YADDA KARATU KE ZUBEWA

Malaman firamare sun daɗe da sanin wannan al'amari. Sau da yawa makonnin farko na sabon zango sukan ƙare wajen bitar aikin bara, domin yaron da ya haddace jadawalin sau a watan Yuli yakan dawo a Satumba yana inda-inda a kan bakwai sau takwas. Masana ma sun yi bincike a kai, musamman a ƙasar Amurka, inda hutun bazara ya fi namu tsawo. A shekarar 1978 wata malama mai suna Barbara Heyns ta buga sakamakon binciken da ta yi a kan 'yan makaranta a birnin Atlanta. Ta gano cewa a cikin dukan abubuwan da yara kan yi lokacin hutu, karatun littattafai shi ne ya fi taimaka musu su ci gaba, kuma yaran da ke zuwa laburare sun fi sauran karantawa. A shekarar 1996 kuma, Harris Cooper da abokan aikinsa suka tattara bincike-bincike da dama suka auna. Suka ga cewa a tsakaita yaro yakan yi hasarar kimanin aikin wata guda a lokacin hutu, hasarar kuwa ta fi yawa a wajen lissafi da rubuta kalmomi daidai. Har ila yau suka lura cewa 'ya'yan talakawa ne suka fi ci baya a karatu.

Dalilin wannan a fili yake. Karatu kamar sana'ar hannu ne. Maƙerin da ya daɗe bai riƙe masaba ba, sai hannunsa ya yi nauyi. Haka idon yaro da harshensa suke da bukatar a riƙa motsa su kullum.

ME YA SA AJI HUƊU ZUWA SHIDA?

A aji ɗaya zuwa uku, babban aikin yaro shi ne ya koyi yadda ake karatu. Daga aji huɗu sai al'amari ya juya: karatun ne zai zama masa hanyar koyon sauran darussa, watau kimiyya da labarin ƙasa da tarihi da addini, har ma da lissafi, tun da ana ba da tambayoyinsa cikin jimloli. Yaron da karatunsa ya yi rauni a wannan mataki, duk darussansa za su yi rauni tare.

Na biyu, Manufar Ilmi ta Ƙasa da aka fara bugawa a 1977 ta tanadi a wancan lokaci cewa a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da aka fi ji a yankinsa, daga baya a koma Turanci. Saboda haka a manyan azuzuwa ne nauyin Turanci yakan hau kan yaro sosai. Wanda ba a jin Turanci a gidansu, in ya yi mako shida bai gan shi a rubuce ba, ba shakka zai sha wuya in an koma.

Na uku, a ƙarshen aji shida ne ake jarrabawar shiga sakandare, har da ta shiga Kwalejojin Gwamnatin Tarayya, wadda Hukumar NECO ke shiryawa. Hutun da ke tsakanin aji biyar da aji shida shi ne dogon hutu na ƙarshe kafin wannan jarrabawa.

Ƙasar nan ta kashe dukiya mai yawa don kowane yaro ya sami ilmi. An soma shirin UPE, watau ilmin firamare kyauta ga kowa, a watan Satumba na 1976. An ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato a 1999, sannan dokar 2004 ta mai da karatun shekara tara kyauta kuma tilas, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare. Dokar ta ɗora wa iyaye nauyin kai 'ya'yansu makaranta. To, kai yaro makaranta rabin aiki ne. Sauran rabin shi ne a tsare abin da ya samo a can.

WANE LITTAFI YA DACE?

Littafin hutu ya kamata ya zama wanda yaro zai iya karantawa shi kaɗai, kuma ya ji daɗinsa. Akwai wata 'yar dabara ta gane haka. A buɗe wani shafi a tsakiyar littafin, a sa yaro ya karanta da ƙarfi, duk kalmar da ta gagare shi ya lanƙwasa yatsa ɗaya. In yatsu biyar sun ƙare kafin shafin ya ƙare, littafin ya yi masa tsauri, sai a ajiye shi har baɗi. In ya lanƙwasa biyu ko uku, to, ya dace da shi.

Hausa tana da arzikin littattafai irin na wannan mataki. Akwai Magana Jari Ce na Alhaji Abubakar Imam, mai littafi uku, wanda labaransa gajeru ne, yaro zai iya gama guda a zama ɗaya. Akwai Ruwan Bagaja, shi ma na Imam, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Ganɗoki na Bello Kagara, waɗanda suka fito daga gasar rubutu da aka shirya a Zariya a 1933. Akwai kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo. A Turanci akwai waɗanda aka rubuta musamman don yara, kamar Chike and the River na Chinua Achebe (1966), da Eze Goes to School na Onuora Nzekwu da Michael Crowder (1963), da The Passport of Mallam Ilia na Cyprian Ekwensi (1960), da Without a Silver Spoon na Eddie Iroh (1981). Irin waɗannan sukan nuna wa yaron Kano yadda ɗan'uwansa na bakin Kwara yake zaune, wannan kuwa yana ƙarfafa haɗin kan ƙasa.

Abin da ya fi kyau shi ne yaro ya karanta littafi biyu a hutu, ɗaya na Hausa, ɗaya na Turanci. Wasu iyaye suna tsammani karatun Hausa yana hana yaro iya Turanci. Gwajin da aka fara a Jami'ar Ife a 1970, a ƙarƙashin Farfesa Babatunde Fafunwa, ya nuna akasin haka. An koyar da wasu yara dukan darussa da Yarabanci har shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi guda, kuma ba su ci baya a Turancin ba. Wanda ya ƙware a karatu da harshensa, ƙwarewar takan bi shi zuwa wani harshe. Wannan ya shafi Hausawa mazauna Agege da Idi-Araba a Legas, da Sabo a Ibadan, da sauran unguwannin Hausawa na Kudu, inda yara da yawa ke jin Hausa a gida amma ba sa ganinta a rubuce a makaranta. Dogon hutu ne lokacin da za a cike musu wannan giɓi.

Ya kamata a bar yaro ya zaɓa da kansa daga cikin littattafai uku ko huɗu da malami ya amince da su, domin abin da mutum ya zaɓa ya fi riƙe shi.

AIKIN MALAMI KAFIN A RUFE MAKARANTA

1. Mako biyu kafin hutu, malami ya rubuta sunayen littattafan a allo, ya karanta wa aji farkon kowanne, ya tsaya daidai wurin da labari ya fara daɗi.

2. Inda littattafai ba su isa ba, a raba yara ƙungiya-ƙungiya bisa unguwanninsu, mutum huɗu ko biyar, su riƙa karɓa-karɓa. Hedimasta ya sa a rubuta sunan wanda ya ari kowane littafi.

3. Kowane yaro ya keɓe ƙaramin littafin rubutu guda. A ciki zai rubuta kwanan wata, da shafukan da ya karanta, da sababbin kalmomi uku, da jimla biyu a kan abin da ya faru a labarin.

4. Kada aikin ya yi yawa. Malamin da ya ɗora wa yaro tambaya ɗari, zai tarar an kwafe amsoshin a daren komawa, ko kuwa wani yayansa ya yi masa.

5. Kada a tilasta wa iyaye sayen littafi mai tsada, kada kuma a hori yaro don ubansa bai iya saye ba.

AIKIN IYAYE A GIDA

Dogon hutu yakan faɗo a tsakiyar damina, lokacin da ake bukatar hannun yara a gona, wasu kuma a kasuwa ko wajen sana'ar gida. Ban da haka akwai makarantar allo da Islamiyya. Duk waɗannan tarbiyya ce mai kyau, kuma karatun hutu ba zai ture ko ɗaya ba, don abin da ake nema minti ashirin ne kawai a rana. A duba wannan lissafi: yaron da ya karanta shafi 4 a rana, kwana 6 a mako, har mako 6, ya karanta shafi 144. Wannan ya kai ƙananan littattafai biyu. Da yayyafi kogi kan cika.

A tsai da lokaci guda wanda ba ya sakewa, alal misali bayan an dawo daga gona an ci abinci, ko bayan la'asar tun da sauran hasken rana, don kada rashin wuta ko tsadar kananzir su zama dalili. A kashe rediyo da talabijin, a ajiye waya a wannan ɗan lokaci.

Uba ko uwa da ba su yi boko ba kada su ce wannan ba nasu ba ne. Suna iya zaunar da yaro ya karanta musu da ƙarfi, sa'an nan su tambaye shi: Wane ne ya yi kaza? Don me ya yi? In kai ne, yaya za ka yi? Wanda ya saba jin tatsuniya ya san labarin da ya tafi daidai, zai kuma gane in yaro bai fahimci abin da ya karanta ba. Kaka ma tana iya ba da tatsuniya da dare, jika ya rubuta ta da safe.

A kula da 'ya'ya mata musamman. Sau da yawa wanke-wanke da reno da talla sukan cinye musu rana duka, alhali 'yan'uwansu maza suna da sarari. A raba aikin gida yadda yarinya ita ma za ta sami nata minti ashirin.

Lissafi kuwa, tun da shi ya fi saurin zubewa, a sa shi cikin harkar yau da kullum. In an aiki yaro kasuwa, ya rubuta kuɗin kowane kaya ya haɗa, ya faɗi canji tun kafin a ba shi. In mudun masara kaza ne, nawa ne mudu bakwai? Ya ƙirga kunyoyin gona, ya riƙa maimaita jadawalin sau a kan hanya.

Inda babu littafi, a nemi tsohuwar jarida ko mujalla, ko littattafan da yayye suka gama da su. Laburaren Ƙasa, wanda aka kafa a 1964, yana da rassa a jihohi da yawa, jihohi kuma suna da nasu laburare. Ƙungiyar iyaye da malamai tana iya tara kuɗi kaɗan-kaɗan ta sayi akwatin littattafai, a ajiye a gidan mai unguwa ko wani amintaccen dattijo, yara su riƙa ara.

BAYAN AN KOMA MAKARANTA

In malami bai waiwayi aikin hutu ba, baɗi ba wanda zai yi shi. Saboda haka a makon farko ya karɓi littattafan rubutun ya duba, ya sa hannu. Ya ba kowace ƙungiya dama ta ba aji labarin da ta karanta, ko ta mai da wani sashe nasa wasan kwaikwayo. A tattara sababbin kalmomin a rubuta su a babbar takarda a manna a bango, a riƙa amfani da su a darasin shifta da na insha'i. Yaron da bai yi aikin ba, a binciki dalili a asirce kafin a yi masa faɗa. Wataƙila ciwo ya yi, ko littafi ne bai kai gare shi ba. In an ga karatunsa ya ja baya ƙwarai, a haɗa shi da wani ɗan aji mai ƙoƙari su riƙa karatu tare har ya kamo sauran.

JAN HANKALI

Ana roƙon hakimai da dagatai da masu unguwanni, da limamai da shugabannin coci, da sarakunan Hausawa na garuruwan Kudu, su tunatar da jama'arsu wannan magana tun kafin a rufe makarantu. Duk wanda wannan ɗan littafi ya shiga hannunsa, ya karanta wa maƙwabcinsa wanda bai iya karatu ba. Mai neman ƙarin bayani ya tuntuɓi hedimastan makarantar da ɗansa yake, ko ofishin ilmi na Ƙaramar Hukumarsa.