Yadda Ake Kare Dabbobin Gida Daga Sanyin Hunturu

Hunturu, wato busasshiyar iskar da ke kaɗowa daga hamadar Sahara ta arewa maso gabas tun daga ƙarshen watan Nuwamba har zuwa Fabrairu ko farkon Maris, yana cikin lokutan da masu kiwon gida a ƙasar Hausa suka fi tafka asara, musamman ta kaji da 'yan awaki da 'yan tumaki. A Kano da Katsina da Damagaram, zafin rana a watan Janairu kan kai kusan digiri 30 a ma'aunin Salshiyas, amma da asuba ya sauko zuwa 13 ko ƙasa da haka, a tsaunukan Jos kuwa yakan gaza 10. Irin wannan sanyi bai kai ya kashe babbar dabba mai lafiya da ƙoshi ba. Abin da ke kashewa shi ne haɗuwarsa da iska mai ratsa jiki, da danshin makwanci, da ƙarancin abinci, da cututtukan da ke yaɗuwa a wannan lokaci, saboda haka mai kiwon da ya mai da hankali kan ɗumama ɗaki kaɗai ya magance kashi ɗaya ne na matsalar.

Kowace dabba mai ɗumin jini tana samar da zafin jikinta ne daga abincin da ta ci, ta kuma tsare shi da iskar da ke maƙale a cikin gashinta ko gashin fukafukanta. Zafin jikin kaza yana kusa da digiri 41, na akuya da tunkiya kuma kusa da 39, kuma idan iska ta hura kai tsaye a kan dabba sai ta kwashe wannan ɗumi da ke cikin gashin, jiki ya shiga ƙona abinci don mayar da abin da ya rasa. Gwargwadon ƙanƙantar dabba, gwargwadon saurin da take rasa zafi, shi ya sa ɗan tsako da jaririn ɗan akuya ke mutuwa a daren da uwarsu ta kwana lafiya. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi, wadda gashinta gajere ne, ba ta da juriya sosai ga iskar asuba, kuma jiƙaƙƙen gashi kusan ba ya tsare komai.

Matakin farko shi ne gyaran makwanci. Tun da an san inda iskar ke fitowa, sai a toshe gefen arewa da na gabas na akurki ko rumfar dabbobi da zana ko buhuna ko tabarma, daga ƙasa har zuwa saman tsayin dabbar, a bar kafar shan iska a can sama kusa da rufi ko a gefen kudu. A nan ne masu kiwo da yawa ke kuskure, domin sukan naɗe akurki gaba ɗaya da leda har babu inda iska za ta shiga, suna ganin sun yi wa kajin gata. Kashin kaji da fitsarin awaki suna fitar da wata iska mai yaji da ake kira amoniya, wadda ke ƙona hanyoyin numfashi da idanu, ta buɗe ƙofa ga ciwon huhu, kuma ledar tana tara ta tare da tururin numfashin dabbobin. Gwajin mai sauƙi ne: idan mutum ya durƙusa daidai tsayin kajin da sassafe ya ji hanci ko ido na yi masa yaji, ko ya ga ruwa na ɗiga daga cikin ledar, to ɗakin ya toshe fiye da kima. Ƙasa kuma a shimfiɗa mata ɓuntun shinkafa ko garin katako ko busasshiyar ciyawa mai kauri, a riƙa kwashe inda ya jiƙe, saboda siminti da tsirarar ƙasa suna zuƙe ɗumin dabbar da ta kwanta a kansu.

'Yan tsaki suna buƙatar kulawa ta daban, domin a makonnin farko ba su iya daidaita zafin jikinsu da kansu. Waɗanda aka sayo daga injin ƙyanƙyasa, marasa uwa, suna son zafin digiri 32 zuwa 35 a makon farko, sannan a riƙa rage kusan digiri 3 kowane mako har gashinsu ya cika. Wanda ba shi da ma'auni sai ya karanci 'yan tsakin da kansu: idan suka dunƙule wuri ɗaya a ƙarƙashin fitila suna tsuwa mai ƙarfi, sanyi suke ji, kuma na ƙasa na iya mutuwa saboda danniya, idan suka gudu gefe suna haki da buɗaɗɗen baki, zafi ya yi yawa, idan kuwa suka bazu suna ci suna sha, an dace. Inda babu tabbacin wutar lantarki akan yi amfani da kaskon gawayi, kuma yana aiki, amma da sharaɗi biyu. Na farko, dole ne a hura gawayin a waje har ya yi ja ya daina hayaƙi kafin a shigar da shi, a kuma bar kafar iska, domin gawayi na fitar da iskar kabon monokisaid, wata guba marar launi marar wari da ke kashe tsuntsu da mutum a rufaffen ɗaki. Na biyu, a kewaye kaskon da bulo ko waya, nesa da ɓuntu da zana, tun da komai a bushe yake a hunturu kuma gobarar wannan lokaci ba ta jira.

Cutar da ta fi share kajin gida a wannan lokaci ita ce Niyukasil, wadda ƙwayar cuta nau'in bairos ke haddasawa. Alamominta sun haɗa da koren zawo, da wahalar numfashi, da saukar fukafukai, da murɗewar wuya, kuma tana iya ƙarar da kajin unguwa cikin 'yan kwanaki. Ba ta da magani bayan ta kama, kuma kafso ɗin da ake fasawa a ruwan sha ba ya kashe bairos, sai dai ɓarnar kuɗi. Kariyarta rigakafi ne, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana samar da shi, ciki har da nau'in I-2 mai jure zafi wanda ake ɗigawa a ido, wanda ya dace da ƙauyukan da babu firiji. Lokacin bayar da shi shi ne Oktoba ko farkon Nuwamba, kafin iskar ta kankama, saboda jiki na buƙatar kusan mako biyu kafin kariyar ta kama, sannan a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Kazar da aka sayo daga kasuwa, inda ake cakuɗa tsuntsaye daga ko'ina musamman gabanin bukukuwan ƙarshen shekara, a keɓe ta mako biyu kafin a haɗa ta da na gida. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa farat ɗaya, sai a sanar da ofishin likitan dabbobi, kada a yanka a ci ko a kai kasuwa, domin murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatarwa a Najeriya a jihar Kaduna a shekarar 2006, tana kama da Niyukasil a ido kuma tana iya kama mutum.

Ga awaki da tumaki, haɗarin ya fi yawa a daren haihuwa. Jaririn da aka haifa da asuba a fili, jikinsa a jiƙe, yana iya sandarewa kafin gari ya waye, don haka akuya ko tunkiyar da cikinta ya tsufa a riƙa kwantar da ita a ɗaki, a goge jaririn da tsumma idan uwar ba ta lashe shi ba, a kuma tabbatar ya sha dakashi, wato nonon farko mai kauri da ke ɗauke da kuzari da garkuwar jiki, cikin sa'o'in farko. Idan aka sa yatsa a bakinsa aka ji sanyi, a fara ɗumama shi kafin a ba shi nono, domin wanda ba ya iya haɗiya nonon na iya bi masa ta huhu. Manyan kuma sukan kamu da cutar PPR, wata annoba ta awaki da tumaki mai zuwa da zazzaɓi da majina da gyambon baki da zawo, wadda allurar rigakafinta guda ke karewa har kusan shekara uku. Tun da ciyawa ta bushe a daidai lokacin da jiki ya fi buƙatar abinci, a ƙara musu harawar wake ko ta gyaɗa da dusa da ɗan gishiri, a fi ba da harawar da yamma, saboda narkar da ita a tumbi na samar da ɗumi cikin dare. Ruwa ma kada a rage shi don ana sanyi, domin iskar hunturu na busar da jiki. Ruwan da ya kwana a waje a bari rana ta ɗan taɓa shi tukuna.

Manyan zomaye sun fi jure sanyi a kan zafi, amma 'ya'yansu tsirara ake haifarsu, sai a tanadar wa uwar akwati da busasshiyar ciyawa. Tantabaru kuwa ya ishe su a juyar da bakin tukwanensu daga iska.

Kare da kyanwa suna buƙatar buhu ko tsohon bargo a wurin da aka ɗaga daga ƙasa, musamman 'yan kwikwiyo da tsofaffi, kuma ba a yi musu wanka sai da tsakar rana. Kyanwa na son shiga ƙarƙashin murfin injin mota don neman ɗumi, shi ya sa ya kamata a buga murfin kafin a tayar da mota da safe. Idan kyanwa ta fara atishawa ko majina, kada a ba ta maganin mutane, domin ƙwayar farasitamol guda ɗaya na iya kashe ta, tun da hantarta ba ta iya sarrafa shi. Duk dabbar da ta daina ci kwana guda, ko take numfashi da buɗaɗɗen baki, ko ta kasa tashi, a keɓe ta a wuri mai ɗumi a kira likitan dabbobi a ranar.