Yadda Za Ka Gina Turken Awaki Da Tsohon Katako

Gabatarwa

Ya kai manomi, tsadar sabon katako ba ta isa ta hana ka gina wa awakinka wurin kwana ba. Azara da katakon da aka cire daga tsohon gini, da akwatunan da ake ɗauko kaya a ciki, duk suna da amfani. Sai dai idan ba ka tantance su ba, kana iya kawo gara ko guba cikin gidanka da hannunka.

Tantance katako

1. Soka wuƙa ko ƙusa a jikinsa. Idan ta nutse ba wuya, ya ruɓe.
2. Ƙwanƙwasa shi. Idan ka ji sautin rami, gara ta cinye cikinsa.
3. Ƙananan huji masu zubar da gari alama ce ta ƙwaro. Ware shi.
4. Cire tsofaffin ƙusoshi duka, don kada su ji wa dabba rauni a kofato.

Katakon da za ka guje wa

Turakun wayar lantarki da katakon layin dogo an jiƙa su da magani mai guba. Za ka gane su da warin kwalta ko launin kore. Tsohon fenti kuma yakan ƙunshi dalma, akuya kuwa ba ta barin gwaguyar itace. Duba hatimin katakon da ake jera kaya a kai daga tashar jirgin ruwa: HT na nufin da zafi aka gasa shi, MB kuwa da hayaƙin guba aka turara shi, don haka ka bar shi. Kada ka yi kwamin abinci da irin waɗannan, kada kuma a yi girki da su.

Kafa turke

Zaɓi itace mai jure gara, kamar ƙirya, giginya ko loko, domin ginshiƙai. Katako mai taushi irin su obeche da malaina ya tsaya a sama, inda ba ya taɓa ƙasa. Haƙa rami mai zurfin santimita 60, ka zuba tsakuwa a ƙasansa don ruwa ya tsiyaye. Babbaka gindin ginshiƙin kaɗan a wuta kafin ka kafa shi.

Ɗaga daɓen kamar mita 1 daga ƙasa, ka bar tazarar santimita 1.5 tsakanin katako da katako, yadda kashi zai faɗa ƙasa ba tare da ƙafar akuya ta maƙale ba. Wannan na rage ruɓewar kofato da tsutsar ciki, musamman inda damina ke da tsawo. Rufin ya zarce bango don kada ruwa ya riƙa dukan katakon.

Kulawa

Kowane wata ka duba ginshiƙai, ka kankare hanyar gara da zarar ta ɓullo. Idan kana shakkar wani katako, nuna wa malamin gona kafin ka buga masa ƙusa.