Yadda Ake Gano Dalilin Lalacewar Hoton Kyamarar Tsaro ta Gida da Gyara Shi

Amfanin kyamarar tsaro shi ne a iya gane fuskar mutum ko lambar abin hawa a ranar da buƙatar hakan ta taso, saboda haka kyamarar da hotonta yake dishi-dishi ba ta cika aikin da aka saye ta dominsa ba, ko da tana aiki dare da rana. Kafin hoto ya isa idon mai kallo yakan ratsa gilashin kyamara, ya faɗa kan ƙwayar da ke mayar da haske saƙon lantarki, ya bi ta kebul ko ta iska zuwa na'urar naɗa, sannan ya bayyana a allo. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan wurare hoto yana iya lalacewa, don haka aikin mai gyara shi ne ya bi su bi da bi, yana canza abu ɗaya a lokaci guda, domin wanda ya taɓa abubuwa da yawa tare ba zai san wanne ne ya kawo gyara ba.

Mataki na farko: a tantance irin matsalar

Kafin a ɗauko tsani, a lura ko hoton yana lalacewa ne da dare kaɗai ko har da rana, ko kyamara ɗaya ce abin ya shafa ko dukkansu, kuma ko lahanin yana fitowa a allon da ke haɗe da na'urar naɗa ko a wayar salula kawai. Idan duk kyamarorin suka lalace tare, zargi yana kan abin da suka yi tarayya a kai, wato tushen wuta ko na'urar naɗa. Idan kuwa hoton yana da kyau a allon gida amma ya dusashe a waya, dalilin shi ne yawancin kyamarori suna fitar da hoto iri biyu: babba mai cikakken inganci wanda ake adanawa, da ƙarami mai sauƙin nauyi wanda manhajar waya take nunawa domin rage cin data. A nan ya isa a zaɓi babban hoton a cikin manhajar.

Mataki na biyu: a tsabtace gilashi

Mafi yawan dusashewar hoto daga datti take, musamman a lokacin hunturu, tsakanin Nuwamba da Fabrairu, sa'ad da hazo yake lulluɓe komai da ƙura mai laushi. A fara hure ƙurar ko a kakkaɓe ta da burushi mai taushi, sannan a goge da tsumma mai laushi da aka ɗan jiƙa, domin goge busasshiyar ƙura yana karce gilashi, kuma murfin roba na kyamara mai siffar ƙoƙo ya fi saurin karcewa. Idan an goge waje amma hazon bai gushe ba, to danshi ne ya shiga ciki, abin da ya fi faruwa da damina. Sai a buɗe kyamarar a wuri busasshe, a bar ta ta bushe, a duba zoben robar da ke toshe bakinta, a kuma sa sabon ƙunshin sinadarin da ke tsotse danshi kafin a rufe.

Mataki na uku: a binciki hoton dare

Da dare kyamara tana haska gabanta da ƙananan fitilu masu fitar da hasken infirared, wanda idon ɗan Adam ba ya gani amma ƙwayar kyamara tana gani. Duk abin da yake kusa da ita, kamar bango ko bakin rufin kwano ko ganyen bishiya, yana mayar da wannan haske cikin gilashi, sai kyamarar ta rage ƙarfin ganinta, gaba ya yi fari fat, nesa kuma ta yi baƙi. Maganin shi ne a juya kyamarar har bangon ya fita daga hoto, a sare reshen da ya tare ta, a kuma share saƙar gizo-gizo, wadda take bayyana kamar fararen zaruruwa masu motsi. Saboda wannan dalili ne kuma ba a ajiye irin wannan kyamara a bayan gilashin taga. Akwai kuma wani ɗan tacin haske a cikin kyamarar da ke rufe ƙwayar da rana ya kauce da dare. Idan ya maƙale, hoton rana yakan koma ruwan hoda. Ana gwada shi ta hanyar rufe gaban kyamarar da tafin hannu, domin tacin da ke da lafiya yana ba da ɗan sautin motsi, hoton kuma ya koma baƙi da fari.

Mataki na huɗu: a auna wuta

Yawancin kyamarorin gida suna aiki da bolt 12, kuma ƙarfin wuta yana raguwa gwargwadon tsawon waya da sirantarta. Kyamarar da ke aiki lafiya da rana amma take ƙyaftawa ko mutuwa da magariba tana nuna ƙarancin wuta, domin a lokacin ne fitilun dare suke kunnuwa su ƙara jan wuta. A auna ƙarfin da mitar gwada wuta a bakin kyamarar kanta, bayan duhu ya yi, ba a bakin adafta ba. Idan ya faɗi sosai, a sa adafta mai ƙarfin da ya isa kusa da kyamarar, ko a canza wayar da mai kauri. Inda hoton yake lalacewa sai an tayar da janareto, laifin na rashin daidaiton wutarsa ne, kuma ɗora tsarin a kan inbata mai kyau ko na'urar ajiyar wuta yana kawar da shi.

Mataki na biyar: a bi hanyar da hoto yake bi

Hanya mafi sauƙi ta raba laifin kebul da na kyamara ita ce a sauko da kyamarar a haɗa ta da na'urar naɗa da gajeren kebul mai lafiya. Idan hoton ya gyaru, matsalar tana kan hanya. A duba kawunan kebul ko sun yi tsatsa ko sun saki, a duba inda ɓera ya ci ko rana ta ƙona, a kuma raba shi da wayoyin wutar gida. Layuka masu duhu da ke hawa ko sauka a hankali sukan fito ne idan kyamara da na'urar naɗa suna da mahaɗin ƙasa daban-daban, kuma ana magance su da ciyar da kyamarar da na'urar daga tushen wuta ɗaya da sa katako ko roba tsakanin kyamarar da ƙarfen da aka ɗaure ta. Kebul ɗin intanet ba ya wuce mita 100 ba tare da na'urar ƙarfafa saƙo ba. Kyamarar da ke amfani da wayfai kuwa takan tsattsaya ko hotonta ya farfashe idan bangon siminti da ƙofofin ƙarfe sun raunana saƙon, sai a matso da rauta, wato na'urar da ke watsa wayfai, ko a koma zangon gigahaz 2.4 wanda ya fi na gigahaz 5 ratsa bango.

Mataki na shida: a daidaita saiti

Hoto yana haɗuwa ne daga ɗigo-ɗigo da ake kira fiksel, kuma ma'aunin 1080p yana nufin 1920 a kwance da 1080 a tsaye. A tabbatar an saita kyamarar a kan mafi girman ma'auninta, sannan a duba yawan bayanan da aka yarda ta aika a kowace daƙiƙa, domin idan an matse shi, abu mai motsi yakan farfashe zuwa murabba'ai. Hoton 1080p a tsarin matsewa na H.264 yakan buƙaci kimanin megabit 2 zuwa 4, tsarin H.265 kuma yana ba da kwatankwacin wannan inganci da ƙasa da haka. A saita mitar wuta a kan haz 50, wadda ita ce ta Najeriya da Nijar, domin barin ta a 60 yana sa hoto ƙyalƙyali a ƙarƙashin fitila. Idan mai tafiya yana zama inuwa da dare, a ƙara saurin ɗaukar hoto zuwa kashi ɗaya cikin 100 na daƙiƙa, tare da ƙara fitila a wurin don kada hoton ya yi duhu. Kyamarar da ke fuskantar rana kuma a kunna mata saitin WDR, wanda ke daidaita wuri mai haske da mai inuwa.

Mataki na bakwai: a san iyakar kyamarar

Wani lokaci babu abin da ya lalace, an dai ɗora wa kyamarar fili fiye da ƙarfinta. Ƙa'idar IEC 62676-4 ta shekarar 2014 ta sanya fiksel 250 a kowace mita a matsayin abin da ake buƙata don tantance fuskar baƙo, wanda ke nufin kyamarar 1080p ba za ta yi wannan aiki ba idan faɗin abin da take kallo ya wuce kimanin mita bakwai da rabi. Faɗaɗa hoton a allo ba ya ƙara abin da ba a ɗauka ba tun farko. Mafita ita ce a keɓe kyamara ɗaya ga bakin ƙofa, a tsayin da ba zai wuce mita uku ba domin ta ga fuska maimakon tsakiyar kai, a bar wata ta kula da faɗin tsakar gida.

Sai bayan an bi waɗannan matakai, an kuma gwada kyamarar da gajeren kebul da adafta mai lafiya ba a ga canji ba, sannan ake yanke hukuncin sayen sabuwa. Bayan kowane gyara, ya kamata wani daga cikin mutanen gida ya bi ta ƙofa sau ɗaya da rana, sau ɗaya da dare, a sake kallon abin da aka naɗa a ga ko fuskarsa ta fito sarai, kuma a riƙa maimaita wannan gwaji a farkon hunturu da farkon damina.